Abin da waya ba ta iya aikawa gida

Ranka ya daɗe Sarkin Zango, Allah ya gafarta malamai, dattawanmu da iyayenmu mata, ƴan'uwa mutanen Cadawa da Agye da Gazawa da Gidan Rumji mazauna wannan birni na Akra, ina gaishe ku da zama, ina gaishe ku da neman halali.

Kusan duk wanda ke wurin nan, kafin watan nan ya mutu zai aika wani abu gida. A da sai an jira direban da zai bi ta Yamai ko wani amintacce mai komawa, a ɗaure masa kuɗi a tsumma haɗe da saƙon baki. Yau kuwa kafin ka shanye shayinka tsohuwa ta karɓa a kasuwar Cadawa. Wannan sauƙi ni'ima ce, Allah ya ƙara buɗi. Sai dai ya zo mana da wani kuskure da ke ta yaɗuwa a tsakaninmu, wato ɗaukar cewa wanda ya aika kuɗi ya gama sada zumunci. Abin da na tsaya in faɗa shi ne, zumunci da aminci su ne jarin farko na duk wanda ya baro gida, sun riga sefa da sidi zuwa, kuma kuɗi kaɗai ba ya iya riƙe su.

Mu fara da ƙasar da muke zaune a kanta. Fataken Kano da Katsina da suka yi ta ratsa daji da jakuna zuwa Salaga neman goro ba su da banki, ba su da ofishin jakadanci, ba su da takardar yarjejeniya. Abin da suke da shi maigida ne a kowane zango, wanda zai sauke baƙo, ya ajiye masa kaya, ya samo masa dillali, ya tsaya masa in an yi rigima. Sabon Zango na Akra da Malam Bako ya kafa a farkon ƙarni na 20 a kan wannan tsari ya ginu. Wani Baturen bincike, Abner Cohen, ya zauna a Sabo ta Ibadan, ya kuma bayyana a littafinsa na 1969 yadda ake sayar wa mahautan Yarbawa shanun Arewa bashi ba tare da rubutu ba, domin maigida ya san kowa, kuma shi ke ɗaukar lamuni. A gida ma haka abin yake. Emmanuel Grégoire, da ya wallafa nazarinsa a kan alhazan Maraɗi a 1986, ya nuna cewa manyan attajiran da suka tashi da cinikin gyaɗa, daga baya suka koma fataucin Najeriya, sun kafu ne a kan dangantakar ubangida da bara: yaro ya yi shekaru yana hidima, a gwada amanarsa, sannan a yanka masa jari. Duk wanda ke da shago ko tebur a cikinmu ya tambayi kansa a ɗakin wa ya kwana daren da ya sauka, kuma wa ya fara ba shi kaya bashi.

Ranar wuya ce ke ƙara fito da abin fili. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardu mako biyu su bar Gana, akwai dattawa a nan da suka ga abin da idonsu. A 1983 Najeriya ta yi irin wannan kora a zamanin Shagari. A 2011 yaƙin Libiya ya koro dubban ƴan Nijar, da yawansu ba su tsira da komai ba sai rigar jikinsu. A duk waɗannan lokuta ƙofar da mutum ya ƙwanƙwasa ta ɗan'uwa ce, kuma wanda ya tsare masa ɗan abin da ya bari a baya amini ne. A yunwar 2005, wadda ta yi tsanani a jihar Maraɗi duk da ita ake kira rumbun ƙasa, masu bincike na cibiyar LASDEL ta Yamai sun bi ƙauyuka sun tarar cewa aiken ƴan ci-rani na cikin manyan abubuwan da suka riƙe gidaje, tun kafin taimakon ƙungiyoyi ya iso. Sai kuma abin da ya faru a ƙasar Gidan Rumji daga 2019, lokacin da ƴan bindiga suka tarwatsa ƙauyukan Sakkwato da Zamfara da Katsina. Dubun dubatar mutane, akasarinsu mata da yara, suka ƙetaro iyaka, kuma kafin a buɗe musu matsuguni a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori, talakawan ƙauyuka ne suka sauke su a ɗakunansu, suka raba hatsin rumbunsu da su. Auratayya da cin kasuwa ɗaya na shekaru aru-aru ne suka buɗe waɗannan ƙofofi.

Mai kaifin tunani zai ce, malam, ai hujjojin nan naka duk na dukiya ne, bashi da jari da aike da hatsi, ka ga ke nan kuɗin ne zumuncin. Amsa ita ce, dukiyar ta bi hanyar da ƙafa ta riga ta share. Ku dubi bikin iyayenmu mata. Guy Nicolas da Barbara Cooper duk sun yi dogon rubutu a kan yadda matan Maraɗi ke riƙe lissafin gudunmawa tsakanin ƙawaye, yau ki kai wa wata ranar suna, gobe ta mayar miki da ƙari ranar aurar da ɗiyarki. Amma kowace mace a nan ta san wadda ta aiko da nata a hannun yarinya ba daidai take da wadda ta zo ta kwana, ta yi daka, ta zauna bakin murhu ba. Ku dubi itatuwan da suka dawo gonakinmu. Sassaben zamani da aka fara yaɗawa a Maraɗi wajen 1983, wanda ƙauyuka irin su Ɗan Saga ta ƙasar Agye suka yi suna da shi, ya farfaɗo da itatuwa a fili mai faɗin kusan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Dabarar ba ta da wuya, manomi ya bar tohon kututture ya girma maimakon ya sare shi. Abin da ke da wuya shi ne maƙwabci ya yarda ba zai shiga da gatari da dare ba, kuma hakan bai yiwu ba sai da mutanen gari suka zauna suka kafa kwamiti suka amince da juna. Zumunci ma kamar kututturen nan yake: saiwarsa na nan da rai ko an daɗe da sare shi, amma tohonsa sai da mai kewayawa yana dubawa.

Akwai ƙorafi mafi nauyi, kuma ba zan raina shi ba, domin gaskiya ne. Da yawa daga cikinku na cewa dangi sun zama kaya, duk wayar da ta shigo daga gida da gaisuwa take farawa da buƙata take ƙarewa, har wasu sun sauya lamba don su samu su numfasa. Dalilin a bayyane yake. Binciken lafiyar iyali na 2012 ya nuna mace a jihar Maraɗi tana haihuwar ƴaƴa fiye da 8 a matsakaici, adadin da ya zarce na ƙasa baki ɗaya. Gandun da kaka ya noma da ƴaƴansa an raba shi, an sake rabawa, har gamana, ɗan filin da ake ba mata da samari, ta fara gagara a kudancin jihar. Aya na kawo kuɗi a Cadawa da Agye, amma ba kowa ke da filinta ko kuɗin takinta ba. Saboda haka bakuna da yawa na kallon hannu ɗaya, kuma hannun nan naka ne. To amma ku lura, nauyin ya fi yi wa wanda dangantakarsa da gida ta koma ta kuɗi zalla yawa. Ƙanen da bai san kana kwana ku shida a ɗaki ɗaya a unguwar Nima ba, bai san abin da kuɗin haya ya kai ba, abin da ya sani kawai hotonka na ranar Sallah cikin shadda, me zai hana ya ɗauka kana zaune a kan taska? Mu ne muke ɓoye wahalarmu don gudun a ce ba mu samu ba, sannan mu ji haushin an roƙe mu. Ɗan'uwan da kuke hira ta gaskiya da shi kana iya ce masa babu, ya yarda, ba tare da an ɓata ba. Kana iya ce masa abin da zan aiko bana na iri ne da taki kafin damina, da hatsin da za a saya da kaka a ajiye, ba na gasar kayan ɗaki ba. Irin wannan magana ba ta yiwuwa tsakanin mutanen da ba su da wata hulɗa sai lambar aike.

Matasa kuma za su ce ai yanzu zumunci ya fi na da, tunda ga WhatsApp, kullum ana gaisawa. Ban ƙi ba, muryar uwa a kunne ba ƙaramin abu ba ce. Amma mu duba zaurukan nan namu. Za a sanar da rashin lafiyar wani, mutum ɗari su rubuta Allah ya ba da lafiya, a ƙarshe ba a samu uku da suka taka zuwa asibiti da kwanon abinci ba. Za a sanar da rasuwa, addu'a ta cika waya, amma masu ɗaukar makara su yi ƙaranci. Magabata da suka ce zumunta a ƙafa take sun san abin da suke faɗa. Masana ma sun zo sun tabbatar: wani nazari na 2010 da ya tattara bincike 148 a kan mutane fiye da 300,000 ya nuna masu ƙaƙƙarfar dangantaka da jama'a sun fi waɗanda ke zaman kaɗaici tsawon rai, da tazara mai yawa. Ingila har minista ta naɗa a 2018 don matsalar kaɗaici. Abin da ƙasashe masu arziki ke kashe kuɗi suna nema, mu gadonsa muka yi. Kuma bari in faɗi wadda ba a cika faɗa a taron maza ba. Akwai matan aure a Gazawa da Cadawa da ke shekara uku, huɗu ba su ga mazansu ba, aike ma ta hannun wa ko ƙane yake biyowa, ita sai dai a gaya mata. Buhun hatsi ba ya maye gurbin miji, kuma yaron da ya tashi bai san fuskar ubansa ba, ba zai san ta ranar da uban ya tsufa ya koma gida ba. Haka nan ƴaƴanmu da aka haifa a nan, waɗanda ba su taɓa kwana ɗakin kaka ba, ba su san goggo da kawu ba sai a hoto, ranar rabon gado baƙi za su zama a gonar ubansu.

Kada kuma a fahimci zumunci da ma'anar mu ƙulle kanmu, namu namu, na wasu nasu. Wannan shi ne ke haifar da son kai da rufa wa mai laifi asiri don ɗan garinmu ne. Al'adarmu ta fi haka faɗi. Wasan barkwanci da ke tsakanin Fulani da Barebari, ko Gobirawa da Zabarmawa, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin gadon al'adun duniya da sunan Nijar a 2014, dabara ce ta mai da bare ɗan'uwa. Mutumin Ga da ke ba ka haya, Badagombe da kuke sahu ɗaya a masallaci, matar Ashanti da teburinta ke kusa da naka, duk suna da haƙƙin gaisuwa da dubiya da ta'aziyya a kanka. Lokacin da aka tashi ƴan albasa daga Agbogbloshie zuwa Adjen Kotoku a 2021, kowa ya ga amfanin haɗin kai da kuma sanin mutanen gari. Sannan a cikin abokai a bambanta abokin shayi da amini. Na farko yana da daɗin zama, ba laifi. Na biyu shi ne zai ja ka gefe ya ce wane, ka daɗe ba ka je gida ba, ko ya ce hanyar nan da ka ɗauka ba za ta ɓulle ba. Wanda bai da mai gaya masa irin wannan a ƙasar baƙunta yana cikin haɗari, ko da shagonsa a cike yake.

Saboda haka ina roƙon shugabannin ƙungiyar da ta tara mu a nan, kafin a watse yau, a fitar da mutane maza da mata a kowace unguwa, Nima da Sabon Zango da Madina da Ashaiman, waɗanda aikinsu dubiya ne da ƙafa, su san wa ke kwance, wa aka tsare, wane sabon zuwa ne bai da masauki. Asusunmu a rubuta ƙa'idarsa a karanta wa kowa, domin kuɗin da ba a san lissafinsa ba ya sha raba aminai. A kuma ware wani kaso a cikinsa na kuɗin mota, don duk wanda ya haura shekara biyu bai je gida ba a taimaka masa ya je, ya tafi da ɗaya daga cikin yaransa. Dattawa su tattauna, in sun ga ya dace a fara da wannan kaka mai zuwa. Allah ya bar mu tare, ya jiƙan magabatanmu.