Bayan Sallama Daga Asibiti

 Ranar da mace ta kammala maganin sankarar mama, dangi kan yi hamdala su watse. Amma fa da sauran rina a kaba. Idan likita ya cire kaluluwar hammata lokacin tiyata, hannun wannan ɓangaren na iya kumbura, har zobe ya ƙi fita. Wadda aka rubuta wa maganin tamoxifen kuwa, shekara 5 zuwa 10 take shansa, ba a ajiye shi don jiki ya yi sauƙi. 'Yar'uwa, ki kiyaye ranar komawa asibiti, ki riƙa ɗan tattaki da yamma. Maigida, gajiyar da matarka ke ji bayan magani ba ƙyuya ba ce. Kama mata bokitin ruwan.