SUNAN YANKA DA LAƘABI: MATSAYIN MAI KARATU A LABURAREN JAMI'A



An nemi in yi magana a kan wata hanya ta zamani wadda masu karatu ke bi su ajiye shaidar abin da suka karanta a intanet, su kuma laƙaba masa kalmomin da za su taimaki wani ya same shi. Da yake akasarin waɗanda ke zaune a nan mutanen Yauri da Ngaski da Shanga ne, zan ɗora maganar a kan ƙasarmu ta bakin Tafkin Kainji, domin a can ne na fi ganin inda abin zai yi rana.

Kowane littafi da ya shiga laburare sai an raɗa masa suna. Ma'aikacin laburare ya duba shi, ya ba shi lamba, ya kuma rubuta maudu'insa da kalmomin da aka riga aka tanada a cikin wani ƙaton kundi. Tsarin lambobin nan ba a nan aka yi shi ba. Ɗaya Melvil Dewey ne ya fito da shi a Amurka a 1876, ɗayan kuwa na Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ne, wanda a cikinsa tarihin Nijeriya ke ƙarƙashin DT515, sha'anin su da kiwon kifi kuma ƙarƙashin SH. Wannan shi na kira sunan yanka. Yana da daraja, kuma ba don shi ba da kanta ta zama bola. Amma duk wanda ya taɓa shiga wani gari yana cigiyar mutum da sunansa na yanka ya san wahalar da ke ciki. Ka ce kana neman Muhammadu, a yi ta kallonka. Ka ce Na-Allah mai gyaran jirgi, yaro ƙarami ya kai ka har ƙofar gida. Abin da hanyar da muke magana a kanta ta kawo shi ne ba mai karatu izini ya sa wa littafi laƙabi.

Kada kuma mu ɗauka baƙon abu ne a wurinmu. Wanda ya yi karatun zaure ya san yadda almajiri ke rubuta ma'anar kalmar Larabci da ajami a tsakanin layuka, ya san hashiyar da malamai ke yi a gefen shafi, wadda wani lokaci takan fi wa ɗalibi amfani bisa ga matanin kansa. Littafin yakan bi hannu zuwa hannu, kowa ya ci moriyar wanda ya riga shi. Bambancin kawai shi ne, a laburaren jami'a in ka yi rubutu a gefen littafi tara za a ci ka, alhali a kwamfuta gefen shafin ba ya cika, kuma ba ya ɓata littafin.

Yanzu mu dubi halin da ilmin ƙasar Yauri yake ciki. An rubuta abubuwa masu yawa a kanta, fiye da yadda yawancinmu ke zato, sai dai suna warwatse ƙarƙashin sunaye dabam-dabam. Richard Lander da ƙanensa John, da suka iso a 1830 suna neman takardun Mungo Park wanda ya halaka a Bussa, sun rubuta sunan garin Yaoorie, Bussa kuma Boossa. P. G. Harris, jami'in mulkin Turawa, ya buga bayanansa a kan ƙasar a 1930 da sunan Yauri. Farfesa Mahdi Adamu, ɗan Ngaski, wanda daga baya ya shugabanci Jami'ar Sakkwato, ya rubuta kundin digirinsa na biyu a Zariya a 1968 a kan mulkin ƙasar a ƙarni na 19, shi kuwa Yawuri ya rubuta. Rahotannin gwamnati da yawa Yelwa suke cewa. Tsohuwar hedikwatar masarautar kuma wani ya rubuta Bin Yauri, wani Birnin Yauri. Kwamfuta ba ta san cewa waɗannan duka ƙasa guda ake nufi ba. Ɗalibin da ya buga Yauri ba zai ga aikin Mahdi Adamu ba, sai ya koma ya shaida wa malaminsa cewa ba a taɓa yin bincike a kan tarihin garinsu ba.

Haka abin yake ta fuskar mulki. Ƙasar ta zauna a Lardin Kwantagora a farkon zamanin Turawa, sannan Lardin Sakkwato, sannan Jihar Arewa maso Yamma daga 1967, Jihar Sakkwato daga 1976, Jihar Kebbi daga 1991. Kowace takarda tana ɗauke da sunan zamanin da aka rubuta ta. Matashin ma'aikaci da aka tura Wara aka ce ya rubuto rahoto a kan rikicin gona ko na wurin su, in ya nemi Jihar Kebbi kaɗai, to ya yanke kansa daga duk abin da aka rubuta kafin 1991, wato daga lokacin da aka shuka yawancin rigingimun da yake son warwarewa.

Inda abin ya fi tsanani shi ne sunayen al'ummu. Mutanen da Hausawa ke kira Gungawa, saboda zamansu a gungu, su kansu Bareshe suke kiran kansu, harshensu kuma Tsureshe. Masana harsuna Reshe suke rubutawa, shi kuwa Frank Salamone, Ba'amurken da ya zauna a Yauri ya fitar da littafi a 1974, Gungawa ya fi amfani da shi. Kambari ba harshe ɗaya ba ne. Akwai Tsishingini da Tsikimba da Tsuvaɗi da wasunsu, kowanne da masu shi. Shanganci ma ba dangin waɗannan ba ne, ɗan'uwan Busanci ne daga zuriyar harsunan Mande. Ga Lopawa, ga Laru, ga Sarkawa masunta da suka gangaro daga Kabi. Ba zan zargi ma'aikacin laburare da ke Ibadan ko Landan ba don bai san wannan ba. Ba aikinsa ba ne ya sani. Amma a ɗakin nan akwai wanda kakarsa ke jin Tsureshe. Ilmin da ake bukata yana kan bencin da kuke zaune.

Sai kuma ruwan kansa. An gina madatsar Kainji tsakanin 1964 da 1968, tafkin ya miƙe fiye da kilomita 130 har ya kawo Yelwa, aka tayar da mutane kimanin 44,000 daga tsibirai da garuruwan bakin kogi. A 1968 aka kafa shirin binciken tafkin tare da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda ya rikiɗe ya zama cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa da ke Sabuwar Bussa. Daga baya, a shekarun 1990, an yi wani shiri na haɗin gwiwa da Jamus wanda ya ƙidaya jirage da komaye da kamun kifi a kewayen tafkin. Rahotanni sun taru jibgi, kuma da dama daga cikinsu yau suna intanet kyauta a rumbun AquaDocs. To amma da wane suna? Giwan ruwa a can Lates niloticus ne, tarwaɗa Clarias, kurungu Synodontis, minjirya Malapterurus. Abin dariyar ma shi ne sunan masanan ya fi na masuntan saurin canzawa: kifin da muke kira karfasa ko gargaza an san shi da Tilapia nilotica, aka mai da shi Sarotherodon niloticus, aka sake mai da shi Oreochromis niloticus, duk a cikin 'yan shekaru, alhali a kasuwar Yauri sunansa bai motsa ba. Haka ambaliya biyu da Kwara ke yi a shekara, farin ruwa na damina da baƙin ruwa da ke isowa da sanyi daga tsaunukan Gini, an auna su an rubuta, kuma su ne ke yanke wa manomin albasa na bakin tafki lokacin dashe. Malamin gona da ke zaune da manoman nan yana da haƙƙin ya buga "baƙin ruwa" ko "albasa" ya ga abin da aka gano. Malamin asibiti yana da haƙƙin ya buga "tsargiya".

Bari in taƙaita tarihin kayan aikin, don akwai darasi a cikinsa. A 2003 Joshua Schachter ya buɗe Delicious, inda mutum ke ajiye adireshin shafin da ya so, ya sa masa kalmomi, kowa kuma ya gani. A ƙarshen 2004 aka samu biyu na masu bincike, CiteULike da Connotea na kamfanin mujallar Nature. LibraryThing ya zo a 2005, kuma a wannan shekarar laburaren Jami'ar Pennsylvania ya fito da nasa mai suna PennTags, inda ɗalibai ke sa laƙabi a kan littattafan jami'ar. Gwajin da ya fi burge ni shi ne na Laburaren Majalisar Amurka, wanda a Janairun 2008 ya zuba tsofaffin hotuna kimanin 3,000 a Flickr ya ce jama'a su faɗi abin da suka sani. Mutane suka gane garuruwansu da titunansu da danginsu, har laburaren ya gyara ɗaruruwan bayanansa bisa ga abin da suka kawo. Ku tuna akwai hotunan tsohuwar Bussa da ƙauyukan gungu kafin ruwa ya ci su, kuma waɗanda za su iya cewa "wannan gidan wane ne" suna ta raguwa kowace shekara.

Amma ina waɗannan wurare yau? An rufe Connotea a 2013. CiteULike ya bi shi a 2019. Delicious ya yi ta sauya iyayen gida, daga Yahoo zuwa wasu, har a 2017 aka daina karɓar sabon abu a cikinsa. Duk wanda ya shekara goma yana tara laƙabi a can bai kwashe ba, ya yi gini a filin aro. Don haka ba na goyon bayan mu kai wahalarmu rumbun wani kamfani mu kwanta. Jami'o'i da yawa a ƙasar nan suna tafiyar da katalogin littattafansu da Koha, kuma Koha yana da wurin da mai karatu zai sa laƙabi, yana da wurin da ma'aikaci zai duba kafin ya fito fili. A wurare da dama maɓallin kawai ne ba a kunna ba. Ga maƙalu da rahotannin da ke wajen jami'a kuwa, Zotero, wanda aka fara a Jami'ar George Mason a 2006, yana ba ƙungiya damar tara abu wuri ɗaya kyauta, kuma ana iya sauke duk abin da aka tara a ajiye a kwamfutar laburare.

Akwai wata matsala da masu yabon wannan hanya ba su cika ambata ba. Scott Golder da Bernardo Huberman sun binciki Delicious, suka buga sakamakon a 2006, inda suka nuna cewa laƙaban da ake sa wa shafi sukan daidaita ne bayan mutum ɗari ko makamancin haka sun ajiye shi. Daga nan kuskuren mutum ɗaya ba ya tasiri, taron ya rinjaye shi. Wannan ya yi wa littafin da duniya ke rububinsa. Rahoto a kan kamun kurungu a Shanga ba zai taɓa samun mutum ɗari ba. In ya samu uku ya gode Allah. Ke nan mu ba taro ne zai gyara mana ba, yarjejeniya ce. Dole a zauna a yanke ko za a rubuta ƙ da ɗ da ɓ da lanƙwasarsu, domin ga kwamfuta "baƙin ruwa" da "bakin ruwa" abu biyu ne, kuma ga Bahaushe ma abu biyu ne, ɗaya ambaliya ɗaya gaɓa. Ni a ganina a rubuta da lanƙwasa, tun da wayoyin hannu yanzu suna da haruffan. A kuma haɗa Yauri da Yawuri da Yelwa a kan kowace takarda da ta shafi ƙasar, kada a tsaya gardamar wanne ne daidai.

Wajibi ne kuma a yi hattara da baki. Laƙabi yakan zama yabo, yakan zama zagi. Tsofaffin rahotannin Turawa cike suke da kalmomin raini ga Kambari da Gungawa da Dukawa, kuma mu ma Hausawa muna da namu da muka gada. Ba mu da ikon goge abin da Bature ya rubuta a 1930, amma ba dole ba ne mu maimaita shi da hannunmu. Inda al'umma ke da sunan da take kiran kanta, a sa shi tare da na Hausa. Haka nan kundin digiri da ya ambaci rikicin sarauta ko na fili, ba wurin da wani zai je ya rubuta sunan abokin gabarsa ba ne. Saboda irin wannan ne nake ganin tacewar ma'aikacin laburare ba tauye 'yanci ba ce.

Wani zai ce mutanen da ba su da tabbacin wutar lantarki, ko da yake daga ruwansu ake samar da ita, ina su ina wannan? Amsata ita ce aikin ba ya cin kuɗi. Ɗalibi ɗaya zai iya duba rahoto goma a yammaci guda da wayarsa. Abin da nake roƙon shugabannin ƙungiya shi ne su rubuta wa Shugaban Laburare takarda a wannan zangon karatu, su nemi a buɗe wurin sa laƙabi a katalogi, a kuma ware ma'aikaci ɗaya da zai riƙa dubawa. Kafin amsa ta zo, a raba aiki: 'yan sashen tarihi su ɗauki sunayen garuruwa, har da waɗanda ke ƙarƙashin ruwa da sababbin matsugunansu, 'yan sashen harsuna su ɗauki sunayen al'ummu, 'yan kimiyyar halittu su tafi hutu da jerin sunayen kifi na Latin, su zauna da Sarkin Ruwa na garinsu, su dawo da na Hausa da na Tsureshe da na Kambari a gefensa. Waɗanda ke aiki a ƙananan hukumomin uku kuma su kawo mana sunayen rahotannin da ke kulle a kabad ɗin ofisoshinsu, ko da ba za a ba da takardun kansu ba, don a san dai suna nan.