Amsar Tambaya: Wane Irin Allon Kwamfuta Ya Dace Da Mai Gyaran Hoto?

Takardar da muka ɗauko yau ta fito ne daga wani mai sauraronmu a ƙaramar hukumar Ɗambatta ta jihar Kano. Ya ce shi manomi ne, amma da rani yakan yi sana'ar ɗaukar hoto, yana da ɗan shago a bakin kasuwa. Ga abin da ya rubuto: "An ɗauke ni aikin hoton biki. Na gyara hotuna 60 a kwamfutata, duk sun yi kyau a allo, amma da aka wanko su sai fuskar amarya ta fito da duhu, leshinta ruwan hoda ya koma kamar ja. Dangin ango suka ƙi karɓa, na yi asarar kuɗin wanki. Yanzu na sayar da riɗina ina so in sayi sabon allo. Wani ya ce in sayi babbar talabijin in haɗa. Don Allah wane iri zan saya?"

To Malam, Allah ya mayar maka da alheri. Amma kafin mu kai ga maganar saye, kada ka taɓa kuɗin riɗin nan tukuna, domin mai yiwuwa rabin ciwon naka ba ya bukatar ko kwabo.

Allon kwamfuta, wanda 'yan kasuwa ke kira monita, shi ne mudunka. Da shi kake auna haske da launi kafin ka kai hoto wanki. Kai manomi ne, ka san idan mudu ya lotsa, duk buhun da aka auna da shi ba daidai yake ba, ko da mai awon mutumin kirki ne. Saboda haka abin da mai gyaran hoto ke nema shi ne allon da ke faɗa masa gaskiya, ba wanda ya fi ƙayatarwa a kanti ba.

Me ya sa amarya ta yi duhu? Allo fitila ce a bayansa, ita ke hasko hoton zuwa idonka. Takarda kuwa ba ta da hasken kanta, sai wanda ɗaki ya ba ta. Kamfanoni kuma sukan saki allo da haske mai yawa don ya ja idon mai saye. Akwai ma'aunin da ake auna hasken allo da shi, ana ce masa nit. Yawancin alluna suna kai nit 250 zuwa 350, alhali masu gyaran hoton da za a wanke a takarda sukan tsaya tsakanin 80 da 120. Kun ga ke nan. Kana kallon fuska tana walƙiya, ka ce ai ta yi, ba ka ƙara mata haske ba, ko ma ka rage. Ashe hasken na allo ne, ba na hoton ba. Mu kuma masu baƙar fata abin ya fi cutarwa, domin da zarar duhu ya ɗan ƙaru sai kamannin fuska su ɓace. Ni ma ya taɓa faruwa da ni lokacin da nake koyarwa a firamare, aka ɗauke mu hoton katin shaida, nawa ya fito ido da haƙora kawai, ɗalibai suka yi mako guda suna dariya.

Maganin wannan yana jikin allon da kake da shi yanzu. Ka nemi maɓallin rage haske, ka buɗe farin shafi a kwamfuta, ka ɗauko farar takardar hoto ka riƙe a gefe, ka yi ta ragewa har farin allon ya daina fin na takardar ƙarfi. Sau da yawa sai ka sauko ƙasa da rabi. Kwana biyun farko za ka ga kamar allon ya dushe, daga baya ido zai saba.

Maganar leshin da ya sauya launi kuwa, wannan ita ce ke iya sa ka saye. Yawancin allunan da ke kasuwa iri uku ne, kuma ana rubuta irin a jikin kwali ko takardar bayani: TN da VA da IPS. Wanda aka rubuta TN shi ne mai arha, kuma shi ne a yawancin tsofaffin kwamfutocin tafi-da-gidanka. Aibinsa, idan ka ɗaga kai ko ka sunkuyar, launi sai ya sauya. Ka gyara hoto kana zaune a kujera, ka miƙe tsaye ka ga wani hoton daban. To da wanne za ka yarda? IPS, wanda kamfanin Hitachi na ƙasar Japan ya fito da shi a 1996, shi ne ke riƙe launinsa ko ta gefe ka kalle shi. Shi za ka nema. VA yana tsakiyarsu, baƙinsa yana da kyau, amma bai kai IPS tsayawa a launi ɗaya ba. Ba sai ka yarda da bakin mai kanti ba: a kunna maka, ka sa hoton mutum, ka karkata kai hagu da dama, sama da ƙasa. Idan fatar mutumin ta sauya, ajiye shi.

Abu na biyu da za ka duba a takardar shi ne kalmar sRGB. Wannan wani ma'auni ne na launuka da kamfanonin HP da Microsoft suka fitar a 1996, domin kyamara da allo da na'urar buga hoto su riƙa magana da harshe ɗaya. Shi intanet ke amfani da shi, shi kuma yawancin gidajen wankin hoto ke sa ran za a kawo musu aiki a kai. Ka nemi allon da aka rubuta yana nuna kashi 99 ko 100 cikin 100 na sRGB. Idan ka ga an rubuta 45% NTSC, ka yi hattara, wannan bai wuce kusan kashi biyu cikin uku na launukan sRGB yake iya nunawa ba. A irin wannan allo ja da ruwan hoda sukan fito a koɗe, kai kuma sai ka yi ta ƙara musu ƙarfi, a wanko su sun wuce gona da iri. Ina kyautata zaton abin da ya sami leshin amaryarka ke nan. Akwai wani ma'aunin mai faɗi, Adobe RGB, na 1998, amma allunansa tsada gare su, kuma mai hoton biki da suna da fasfo ba ya bukatarsu.

Girma kuwa, inci 24 mai ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye ya ishe ka. In aljihu da nauyi, inci 27 mai 2560 da 1440 ya fi daɗin aiki. Ka zaɓi wanda fuskarsa ba ta sheƙi, domin mai sheƙi madubi ne, ƙofar shago da masu wucewa duk za ka gansu a kan hoton. Ka haɗa shi da wayar HDMI ko DisplayPort, ba tsohuwar wayar nan mai shuɗin kai ta VGA ba. Idan aka ce maka wani allon yana da gudu 144, wannan na masu wasan kwamfuta ne, hotonka ba gudu yake yi ba, 60 ya wadatar.

Shi kuma wanda ya ba ka shawarar talabijin, da kyakkyawar niyya ya yi, amma a'a. Talabijin an yi ta ne don a kalla daga nesa, tana ƙara wa launi gishiri da kanta, korayen filin ƙwallo su yi shar. Masu sayen atamfa sun san wannan: turmin da ka gani a ƙarƙashin ƙwan kanti, sai ka fito da shi rana ka san ainihin launinsa. Ga kuma cin wuta. Allo mai inci 24 na zamani bai cika wuce wat 20 zuwa 30 ba, ƙaramar sola ma za ta ɗauke shi, babbar talabijin kuwa ta ninka haka.

Game da suna, akwai jerin da kamfanoni suka keɓe don irin wannan aiki, kamar Dell UltraSharp da ASUS ProArt. Akwai kuma EIZO na Japan, wanda manyan gidajen hoto ke amfani da shi, amma kuɗinsa ya fi ƙarfin riɗin bana. Na hannu mai kyau daga irin waɗannan ya fi sabo dal mai TN, sai dai a gwada shi sosai. Ka tafi da hotuna a filashi: shafi fari fat, da baƙi, da toka-toka, da ja, da kore, da shuɗi. A bar allon a kunne kamar minti 30 ya ɗau zafi, sannan ka sa su ɗaya bayan ɗaya. A fari za ka gane ko tsufa ya sa ya yi rawaya-rawaya, ko wani gefe ya fi wani haske. A baƙi za ka ga hasken da ke tsiyayowa ta kusurwa. A sauran kuma za ka kama matattun ɗigo. Wanda ya ƙi a gwada, ka yi masa sallama cikin mutunci.

Akwai wata 'yar na'ura da ake ratayawa a fuskar allo ta daidaita launinsa, kamar Spyder ta kamfanin Datacolor. Ga mutum ɗaya tana da nauyi, amma ba kullum ake amfani da ita ba, sau ɗaya a wata ma ya isa. Idan kuna da ƙungiyar masu hoto a garinku, ku yi karo-karo ku sayi ɗaya tana zagayawa, yadda manoma ke yi da injin feshi.

In ka kawo allon shago, kada ka sa shi yana fuskantar ƙofa ko taga, kuma ka cire ƙwai mai launi daga ɗakin. Sannan ka sani ko allon miliyan ne ba zai yi daidai da takarda ɗari bisa ɗari ba, domin allo da haske yake haɗa launi, takarda kuwa da tawada ko sinadari. Saboda haka duk aikin biki da ka karɓa, ka fara wanke hoto ɗaya ko biyu masu fuskar amarya, ka kawo ka gwada da allo, ka gyara, sannan ka tura sauran 58 ɗin. Kuma ka tsaya a gidan wanki ɗaya, don kowane inji da halinsa.

Hotunan nan da aka ƙi karɓa, in suna nan a kwamfutarka, ka rage hasken allon yau, ka sake gyara guda biyu, ka wanke ka kai wa dangin ango su gani. Muna jiran takardarka mu ji yadda kuka ƙare.