Igiya Ba Ta Sallama Kafin Ta Tsinke

 Yau da waɗanda abincinsu yake sama za mu yi magana: masu hawan falwaya su gyara wuta, masu hawan ƙarfen sabis, masu ɗaura sola a kan rufi, da magina da masu walda a dogayen benaye. In ba ka cikinsu, kada ka murɗa akwatin rediyon. Da wuya ka rasa ɗa ko ƙane ko maƙwabci a wannan sana'a.

A watan Oktoban 2006, wani Ba'amurke mai suna Todd Skinner, wanda ya yi suna a duniya wajen hawan duwatsu, yana saukowa da igiya daga wani dutse a gandun Yosemite da ke jihar Kalifoniya. Igiyarsa lafiya lau, inda ya ɗaura ta ma lafiya lau. Ɗan madaukin da ke gaban bel ɗinsa, wanda ake maƙala ƙugiya a jiki, shi ne ya tsinke saboda ya cinye. Ya faɗo daga nisan kusan mita 150, ya rasu yana da shekara 47. Abokin hawansa ya riga ya lura bel ɗin ya tsufa, har ya yi masa magana. Mutumin da ya shafe shekaru yana wannan aiki, ɗan ƙyallen da bai kai tafin hannu ba ya yi ajalinsa.

Na san abin da wani zai ce: tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne, rai a hannun Allah yake. Amma duba bel kafin a hau, wannan a hannunka yake, malam.

Igiyar hawa ta gaskiya, da nailan ake yin ta, kuma hawa biyu ce. Akwai zaruruwan ciki, su ne suke ɗaukar mafi yawan nauyi, sannan akwai saƙar waje da take rufe su. Wani kamfanin Jamus mai suna Edelrid ne ya fito da wannan tsari a 1953. Abin lura a nan shi ne, waje yana iya yin kyau alhali ciki ya mutu. Don haka ido kaɗai bai isa ba. Ka zauna, ka riƙa jan igiyar a tafin hannunka daga wannan kai zuwa wancan, taku bayan taku. In ka ji inda ya yi laushi kamar babu komai a ciki, ko inda ya yi tauri ko ƙulli, ka tsaya. Lanƙwasa wurin. Lafiyayyiyar igiya za ta yi zagaye. Wadda cikinta ya lalace sai ta karye ta kwanta. In ka ga farin zaren ciki ya leƙo, ko wani wuri ya yi sheƙi saboda zafin gogayya ya narkar da shi, magana ta ƙare.

Ita kuwa igiyar robar nan shuɗiya da ake ɗaure kaya a mota ko jan guga, ba ma cikin lissafi take ba. Rana tana cinye ta da sauri, ba a kuma yi ta don ɗaukar mutum ba.

To ga babban abokin gaba, kuma ku masu aikin sola ku kasa kunne da kyau: ruwan batir. An gama aiki, an gaji, sai a watsa igiya da bel a but ɗin mota ko bayan a-daidaita-sahu, tare da batir. Batir ya ɗan karkata, ko kuma ya taɓa zuba a wurin tun watan jiya. Asid ɗin da ke cikinsa yana cin nailan, kuma sau da yawa ba ya barin tabon da za ka gani. Igiyar tana nan da kalarta, ka ja da hannu ba ta motsa ba, amma ranar da nauyinka ya faɗa mata gaba ɗaya sai ta rabu biyu. Masu binciken haɗurran hawan duwatsu a Jamus sun sha gano cewa igiyar da ta tsinke ba tare da kaifin dutse ya yanke ta ba, asid ne ya taɓa ta. Saboda haka ko zargi kake yi ruwan batir ya taɓa kayanka, ba sai ka tabbatar ba, ka daina hawa da su. Wanki ba ya gyara wannan ɓarna. Ka sama wa kayan hawa jakarsu ta daban, kada su kwana wuri ɗaya da batir, ko bilic, ko fenti.

Sai rana da ƙura, waɗanda mu a nan ba ma rasa su. Bel ɗin da aka rataye a bayan babur yana shan rana kullum, launinsa zai koɗe, kuma yadda launin ya tafi haka ƙarfin yake tafiya. Ƙurar hunturu tana shiga tsakanin zaruruwa tana goga su a hankali. Wanki kuwa ba wuya: ruwa mai sanyi ko ɗan ɗumi kaɗan, sabulu mara ƙarfi, a ɗauraye sosai, a shanya a inuwa inda iska take. Ban da rana, ban da gefen murhu. Da damina kada ka cusa shi a jaka da danshi.

In ka ɗauki bel, ka bi ɗinkin da ido. Da gangan ake yin zaren ɗinkin da launi daban da na ƙyallen, don ka ga inda ya fara warwarewa. Masu walda, ku nemi 'yan ramukan da tartsatsi ya ƙona. Sannan akwai wani ƙunshi a jikin igiyar da ke haɗa bel da ƙarfe, wanda aka naɗe aka ɗinke. Aikinsa shi ne in mutum ya faɗo, ɗinkin ya yi ta farkewa yana rage fizgar da za ta bugi jiki. Sau ɗaya yake wannan aiki. In ya buɗe, kada a kai wa mai gyaran takalmi ya mayar.

Ƙugiyar ƙarfe ta fi daɗewa, amma ita ma a duba ta. Ta gaske tana da lambobi a bayanta tare da haruffan kN, kuma kowane kN ɗaya kusan nauyin kilo 100 ne. Za ka ga 20 ko fiye in nauyi ya bi tsawonta, amma in ta juya a kaikaice ko bakinta yana buɗe, lambar takan sauko zuwa wajen 7. Shi ya sa ƙugiyar da bakinta ba ya rufewa da kansa, kas, ba ta da amfani. In igiya ta ci mata rami da ya kai milimita 1, gefen ramin ya zama wuƙa. Wadda ba ta da lamba ko ɗaya, ta rataye makulli ce. Hular kwano kuma, in ta tsage ko wani abu mai nauyi ya faɗo mata, a sauya.

Yanzu batun shekaru. Manyan kamfanoni irin su Petzl na Faransa sun sa iyakar shekara 10 daga ranar da aka ƙera duk wani kaya na zare ko roba, ko da yana cikin ledarsa ba a taɓa buɗewa ba. Wannan iyaka ce ta ƙarshe. Wanda ake aiki da shi kullum a rana da ƙura ba zai je ko kusa ba. Ranar ƙirar tana jikin 'yar takardar da aka ɗinke a bel. A nan ne kayan gwanjo suke ba ni tsoro. Ka ga bel mai kyau a kasuwa, kuɗi kaɗan, takardar ta goge ko an yanke ta. Wa ya yi amfani da shi? Ya taɓa tare mutum a faɗuwa? Me ya zuba a kansa? Mai sayarwa bai sani ba, kai ma ba ka sani ba. Araha ba ta ado, Hausawa suka ce. Takalmin gwanjo ka saya, ban hana ba. Bel da igiya kam, a'a.

Iyayen gidan aiki da 'yan kwangila, wannan nauyin naku ne kafin na yaranku. A Ingila, shawarar hukumar kula da lafiyar ma'aikata ita ce wanda ya san aikin ya binciki irin waɗannan kaya aƙalla duk wata 6, duk wata 3 in aikin mai wahala ne, ban da dubawar da mai hawa zai yi kafin kowane hawa. Littafi ɗaya ya isa: ranar saye, ranar dubawa, da abin da aka gani. Yaron da ya ce maka, “Oga, bel ɗin nan bai yi mini ba,” kada ka ce masa rago.

In kuma kaya ya tashi daga aiki, kada ka jefa shi bola yadda yake, kada ka bai wa yaron shago kyauta. Wani zai tsinta, gobe ka gan shi a saman falwaya da shi. Sa almakashi ka yanka bel ɗin gunduwa-gunduwa, igiyar ka datse ta gajeru yadda ba za ta hau da kowa ba.

Lokaci ya cim mana. Kai da za ka hau gobe da safe, ka fito da jakarka yau da daddare, ka bi igiyar nan da hannu tun daga farko har ƙarshe. Allah Ya tsare, a kwana lafiya.