Mu Da Karnukan Gadinmu: Jawabin Da Aka Gabatar A Taron Wata

 

Da yawanmu mun zo garin nan ne bayan gwamnati ta taso daga Ikko a Disambar 1991. A lokacin, wanda ke zaune Gwagwa ko Karmo ƙafarsa ce motarsa. Yau kuwa daga gida sai mashin, daga mashin sai benci a bakin shago, har magariba. To ga sakamakon nan muna gani: hawan jini, ciwon suga, ciwon gwiwa. A cikinmu akwai waɗanda muka je duba su a asibiti ɓarin jiki ya shanye, shago a kulle, yara ba kuɗin makaranta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi yana bukatar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako. In aka raba, minti talatin ne a kwana biyar. Kuma abokin tafiyar yana nan ɗaure a bayan rumfa, wato karen gadin da masu katako a Dei-Dei da masu gona da awaki a ƙauyukan gefe suke ajiyewa.

Mun san wani zai ce, Alhaji, kare kuma? Ai mun yi karatun. Hadisi ya yi rangwame ga karen farauta da na kiwo da na gona, Suratul Ma'ida ma ta yi maganar dabbar da aka horar don farauta. A mazhabarmu ta Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwaryar da ya sha ruwa a ciki sau bakwai bin umarni ne. An ruwaito cewa mai Risala, Ibn Abi Zaid, ya ajiye kare don tsaron gidansa. Ba muna cewa a shigar da shi ɗaki ba ne irin na Turawan Maitama, sauran bayani kuma malamai na nan. Amma wanda ya riga ya ajiye, haƙƙi ya hau kansa. Kare ya wuni ya kwana a sarƙa taku uku, ba inuwa, ba ruwa, wannan zalunci ne, kuma irinsa ne yake zama mafaɗaci, ran da ya tsinke ya ciji ɗan maƙwabci. Ku dubi karnukan mafarautanmu na gida, masu bin daji da rani: ba ƙiba a jikinsu, ba tumbi a jikin masu su.

Lokacin da ya fi shi ne bayan sallar asuba. Daga Fabrairu zuwa Afrilu in rana ta ɗaga, kwalta na ƙona masa tafin ƙafa, shi kuma ba ya gumi kamar mu, da haki yake sanyaya jiki. A riƙe shi da igiya, a kauce wa ƙofar masallaci da hanyar 'yan makaranta, kada kuma a bar shi ya faɗa gonar doyar maƙwabtanmu Gwari, zaman lafiyarmu da su ya fi ƙarfin wasa. Mai hawan jini ya fara da minti goma, ya gaya wa likitansa.

Kafin a fito da shi, lallai a kai shi wurin likitan dabbobi a yi masa allurar haukan kare, a riƙa sabuntawa duk shekara, a adana takardar. Cutar nan in alamunta suka bayyana a jikin mutum, kusan ba a tashi. Wanda kare ya ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti goma sha biyar, ya wuce asibiti a ranar, kada a tsaya shafa magani a gida.

Mu dai Asabar mai zuwa za mu fara, bayan asuba, daga bakin kasuwa. Wanda ba shi da kare ya zo da ƙafarsa.