Jawabi a Kan Shaƙuwa

Hakimai, da ku Malamai magatakarda, ina neman izni in yi magana a kan wani abu da kowa ya raina, watau shaƙuwa. Yawancinta ba ta wuce 'yan mintoci. Amma akwai wadda ke zuwa da saƙon babbar cuta, ita ce dalilin wannan jawabi.

A ƙarƙashin huhu akwai wani faffaɗan nama mai kama da faifai, wanda ya raba ƙirji da ciki. Shi ne ke sauka mu ja numfashi. Idan wani abu ya tsokani jijiyoyin da ke tafiyar da shi, sai ya zabura ba da nufin mutum ba, iska ta ruga ciki, ƙofar maƙogwaro kuwa ta rufe nan take. Ƙarar rufewar nan ita muke ji. Abin da ya fi tsokanarsa shi ne tumbi in ya cika ya kumbura, domin maƙwabta ne. Ku dubi birnin nan namu da azumi: da an kira magariba, daga Ƙofar Doka har Ƙofar Kuyambana, sai mutum ya kwankwaɗi ruwan ƙanƙara, ya bi da kunu mai zafi da ƙosai da yaji, duk cikin gaggawa. Ina mamaki in shaƙuwa ta kama shi? Lemon kwalba da haɗiyar iska su ma suna kawo ta.

Magungunan gida masu hankali hanya biyu suke bi. Riƙe numfashi na ɗan lokaci yakan tara iskar da jiki ke son fitarwa, naman nan ya natsu. Kurɓar ruwan sanyi a hankali, ko haɗiye ƙaramin cokali na sukari busasshe, sukan ɗauke wa jijiyar hankali. A 1971 wasu likitoci a Amurka sun ba da labarin mutum 20 da suka gwada wa sukari, 19 suka sami sauƙi. Mai ciwon sukari dai ya tsaya ga ruwa. Zaren da iyaye mata kan liƙa a goshin jariri ba ya cutarwa, amma a ganina lokaci ne ke yin aikin, zare ya sha yabo. Jariri a ba shi nono, a ɗora shi a kafaɗa ya yi gyatsa. Kada a ɗura masa ruwa kafin ya cika wata 6. Razana mutum kuwa, musamman tsoho, a bar shi.

To, ga inda nake roƙon taimakonku. Shaƙuwar da ta wuce kwana 2 ta fita daga hannun gida. Tana iya zama alamar ciwon ƙoda, ko na hanta, ko ƙari a ƙirji, ko taɓuwar ƙwaƙwalwa irin mai kawo shanyewar ɓarin jiki. Ko ba wannan, tana hana ci da barci har mutum ya rame. Wani manomi a Amurka, Charles Osborne, ya fara shaƙuwa a 1922, ba ta sake shi ba sai a 1990.

Saboda haka ku sanar da Dagatai da Masu Unguwanni, su sanar da talakawa: mai irin wannan shaƙuwa a kai shi Asibitin Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika. In kuwa ta zo tare da ciwon ƙirji, ko karkacewar baki, ko nauyin harshe, ko sanyin hannu da ƙafa na gefe ɗaya, kada a jira kwana 2, a tafi a wannan sa'a. Ku Malamai, in an zo neman takarda, ku rubuta ranar da ta fara da magungunan da mutumin ke sha, gama wasu magunguna da kansu suna kawo ta, kuma likita zai tambaya.