Katin Barka da Sallah da Sauran Kayan Hannu

Wannan shi ne jawabin da wata malamar koyar da sana'o'in hannu ta yi wa ɗaliban ajin yaƙi da jahilci, maza da mata, kafin a tafi hutun Sallah. An kawo shi a nan a taƙaice domin amfanin waɗanda ba su sami zuwa ba.

Malamar ta fara da sallama, ta gaishe da dattawa da iyaye mata. Daga nan ta yi wa jama'a tambaya. Ta ce, mutum nawa ne a cikinsu suke da ɗa ko ƙane ko 'ya a wani gari, wanda ba zai sami zuwa gida Sallah ba? Kusan kowa ya ɗaga hannu. Wani ɗansa yana Ikko, wani yana Fatakwal, wata 'yarta tana aure a Maraɗi. Sai ta ce, to waɗannan mutane su ne dalilin jawabinta.

Ta ce a da, in mutum yana son aika gaisuwa, sai ya je wurin mai rubuta wasiƙa a bakin kasuwa ko a ƙofar gidan waya. Ya biya kuɗi, ya kuma faɗi sirrin gidansa a gaban baƙo. Yanzu wanda ya iya haɗa baƙi da wasali ya huta da wannan. Layi uku ko huɗu sun isa katin gaisuwa. Duk wanda ya yi wata shida a aji zai iya rubuta su.

Wani dattijo ya ce, "Malama, ai yanzu akwai wayar salula. Me za a yi da takarda?"

Ta ce, "Gaskiyarka Baba." Tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a shekarar 2001, sayen kati ya ja baya ƙwarai. Kiran waya yana da sauri, kuma ana jin muryar juna. Amma da an kashe waya magana ta wuce. Takarda kuwa tana zama. Yaron da ya bar gida uwarsa ba ta iya rubuta sunanta ba, ranar da ya buɗe ambulan ya ga rubutun hannunta, ba zai yar da takardar nan ba. Zai sa ta a ƙasan akwati, ya nuna wa 'ya'yansa. Ta ce a yi duka biyun, a kira waya, a kuma aika kati.

Daga ina kati ya samo asali?

Malamar ta ce katin gaisuwa irin wanda ake bugawa a sayar, a Ingila aka fara yaɗa shi, don bikin Kirsimeti. A shekarar 1843 wani mutum a birnin Landan mai suna Henry Cole ya sa wani mai zane, John Horsley, ya zana masa hoton iyali suna zaune a kan abinci. A gefe da gefe an zana masu ciyar da mayunwata da masu tufatar da matalauta. Aka buga guda 1,000, ana sayar da kowane ɗaya sule guda. Abin da ya taimaka shi ne, shekara uku kafin nan, wato a 1840, an sauƙaƙa kuɗin aika wasiƙa a ƙasar, aka fito da 'yar takardar da ake mannawa a bayan ambulan. Hoton kan Sarauniya Biktoriya ne a jikinta. A zamanin Turawa irin waɗannan takardu sun zo ƙasar Hausa da hoton kan Sarkin Ingila, shi ya sa har yau ake ce musu kan sarki.

Amma ta ce ƙawata takarda ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun kafin zuwan Turawa malamai suna rubutu da tawada da alƙalamin kara, suna kuma yin zayyana. Wanda ya taɓa ganin allon zayyana na mai saukar karatu ya san haka. Don haka kayan aikin duk suna nan a gida.

Yadda ake yin kati

A nan malamar ta daɗe, domin ta zo da kayan aiki tana nunawa.

Da fari a nemi kwali. In da hali, a sayi farin kwali babba irin wanda 'yan makaranta suke zane a kai. A ninka shi biyu a yanka, a sake ninkawa a yanka, a sake na uku. Zai ba da guda 8. Kowane ɗaya a ninka shi biyu kamar littafi. Ke nan kwali ɗaya ya ba da kati 8. In babu hali, kwalin sukari ko na ganyen shayi ya isa. A buɗe shi, a yanke shi daidai, a manna farar takarda a kan gefen da yake da rubutu.

Abin mannawa ba sai an saya ba. A jiƙa ƙaro a ɗan ruwa ya kwana, da safe ya narke. Ko a dama cokali ɗaya na garin rogo a rabin kofin ruwa, a ɗora a wuta ana juyawa har ya yi kauri kamar koko. A bari ya huce. A shafa shi kaɗan kaɗan. In ya yi yawa takarda za ta tattare.

Launi ma haka. Baƙi daga tawadar allo. Ja daga karan dafi, wanda dukawa da masu saƙar tabarma suke rini da shi. Ruwan ɗorawa daga gangamau ko saiwar rawaya. Shuɗi daga ruwan baba, in akwai marina kusa, ko daga bulo ta wanki. Lalle yana ba da ja mai duhu. Ruwan zoɓo yana da kyau da fari, amma yana dishewa, don haka kada a dogara da shi. A tsoma tsinke ko gashin kaza a zana.

Me za a zana? Ta ce kada kowa ya ce bai iya zane ba. Macen da take zana fure a hannun amarya ta iya zane. Namijin da yake sassaƙar ƙwarya ko ɗinkin hula ya iya zane. A ɗauko abin da aka saba gani: dagi, jinjirin wata da tauraro, aska irin ta gaban babbar riga, zanen bangon gidan sarki. Wanda hannunsa yake rawa ya yanka ƙyallen atamfar da ya rage wurin tela ya manna. Ta nuna wani kati da aka manna masa guntun atamfa. Ta ce in ƙyallen daga zanen Sallar uwa aka yanko shi, ɗan da yake nesa ya ga irin kayan da uwarsa ta sa ke nan.

A ciki sai a yi rubutu. Ta rubuta misali a allo:

"Zuwa ga ɗana. Barka da Sallah. Muna nan lafiya, ni da Babanka da ƙannenka. An yi shuka. Allah ya yi maka albarka, ya maimaita mana. Daga Innarka."

Ta ce a fara gwadawa a wata takarda dabam, a nuna wa malamin aji ya duba, sa'an nan a kwafa a kati. A ja layi da fensir don rubutu ya miƙe. A lura da ƙugiyar baƙaƙe, domin "ƙafa" dabam, "kafa" dabam.

Ta ja kunne a kan abu biyu. Na ɗaya, kada a rubuta adireshi da tawadar allo. An yi ta ne don ta wanku, ruwa kaɗan ya taɓa ta sai ta goge. A yi amfani da biro, a rubuta sunan mutum da unguwa da gari da manyan baƙaƙe. Na biyu, kada a rubuta ayar Alƙur'ani a kan kati, domin yana iya faɗawa hannun yara ya ƙare a ƙasa. Addu'a da Hausa ta wadatar.

Batun aikawa kuwa, mai aikawa ta gidan waya ya aika tun azumi yana 15. In direban mota ko ɗan'uwa mai tafiya za a ba, a rubuta lambar wayar mai karɓa a bayan ambulan. Kuma kada a sa kuɗi a ciki.

Wata mata ta ce, "Malama, muna da maƙwabta Kirista, suna kawo mana abinci ranar bikinsu. Su ma a yi musu?" Ta ce ƙwarai kuwa. Kirsimeti ranar 25 ga Disamba yake kowace shekara. Aikin ɗaya ne, gaisuwar ce kawai za a sauya.

Sallah da bashi

Daga nan malamar ta koma kan abin da ta ce ya fi damunta. Ta ce shekarar Musulunci kwana 354 ce ko 355, don haka Sallah tana matsowa baya da kwana 10 ko 11 kowace shekara. A 2024 an yi Ƙaramar Sallah a Nijeriya ranar 10 ga Afrilu, a 2025 kuwa ranar 30 ga Maris. Babbar Sallah ta 2024 ta faɗo 16 ga Yuni, ta 2025 ta faɗo 6 ga Yuni. Tsakanin Sallolin biyu wata biyu ne da kwana goma. A irin waɗannan shekaru Sallah tana zuwa daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, manomi yana neman iri da taki. Magidancin da ya sayar da hatsin iri don ya ɗinka wa gida kaya, ko ya ci bashin da zai biya da amfanin gona, ya yi Sallar kwana uku ya sayi wahalar wata shida. Ta ce ta san kunya ce take sa mutane haka, kada a ce ɗan wane bai sa sabon kaya ba. Amma abin da addini ya ɗora a Ƙaramar Sallah shi ne zakkar fid da kai, mudun Annabi huɗu na hatsi a kan kowane mutum, a bayar kafin a sauko Idi. Layya kuma a kan mai hali take.

To a nan aikin hannu yake rage nauyi. Faifai da tabarma da mafici daga kaba ake saƙa su. In an rina kabar da karan dafi, faifai ɗaya ya isa kyautar da amarya za ta kai wa uwar miji a rufe kwanon tuwon Sallah. Mai ɗinkin hula ya fara da wuri, domin hula mai ado tana cin makonni. Wanda ya fara a goman ƙarshe ba zai gama ba. Cincin da nakiya da alkaki da dubulan in an yi su a gida suna yin kwanaki ba su lalace ba, kuma su ne abin tarar baƙi. Macen da ta yi da yawa ta sayar da ragowar, ta mai da kuɗin mai da sukari.

Yara ma a bar su su yi nasu. Motar kara da 'yar tsana ba sa cin ko sisi. A ba su guntun kwali su yi wa kakanninsu kati. Yaron da yake zuwa yawon Sallah ya karɓi goron Sallah kawai, bana ya je da wani abu a hannunsa.

A kan lalle ta yi gargaɗi. Lalle na ganye, wanda ake busarwa a daka a tankaɗe, ja yake bayarwa. Baƙin da ake ce wa dayis yawanci ana haɗa shi da maganin rina gashi. Akwai waɗanda jikinsu ba ya karɓarsa, sai fata ta yi ƙaiƙayi, ta kumbura, ta yi bororo, wani lokaci har tabo. Kada a sa wa ƙananan yara shi. In an ga fata ta tashi, a wanke wurin a je asibiti.

Masu layya kuma su kula da fata. A feɗe a hankali kada wuƙa ta huda ta. A kankare kitse da nama, a zuba gishiri a ranar, a shanya a inuwa. Fatar da aka bari a rana ko aka naɗe ta da danshi tana lalacewa, dukawa ba sa sayenta da daraja.

Ziyara

A ƙarshe ta taɓo gaisuwar Sallah. Ta ce kati na wanda yake nesa ne. Wanda yake gari ɗaya da iyayensa ko surukansa, ƙafa zai taka ya je ya durƙusa ya gaishe su. Masu zuwa birni kallon hawa su riƙe hannun yaransu sosai saboda cunkoso da dawakai. Ta ce Hawan Sallah na Kano, da Hawan Daushe da Hawan Nasarawa da suke biyo baya, Hukumar UNESCO ta sa su cikin jerin al'adun duniya da ake kiyayewa a watan Disamba na 2024. Kayan dokin da ake kallo, da sirdi da linzami da rigunan mahaya, hannun masu sana'a ne ya yi mafi yawansu.

Wani ɗalibi ya ce, "Malama, in mutum yana da ɗan'uwan da suka yi shekaru ba sa magana fa?" Ta ce shi ne ya fi cancanta a fara yi wa kati. Sau da yawa baki yana nauyin faɗin abin da hannu zai iya rubutawa. A rubuta "Barka da Sallah, Yaya," a sa suna, a ba yaro ya kai. In ya amsa, sai a bi da ƙafa.

Kafin a tashi an raba wa kowane ɗalibi guntun kwali biyu. Malamar ta ce kowa ya dawo da ɗaya ranar da za a koma aji don a duba rubutun, ɗayan kuma ya aika shi.